Inhela da sifesa ko nebulaiza? Amsa ga Maman Hanif

Maman Hanif, Allah Ya ba yaro lafiya. Tsakanin nebulaiza, wato na'urar turara magani, da inhela, ɗan gwangwanin nan na fesa magani, da kika tambaya saboda asmar yaro, ki sayi shuɗiyar inhela da sifesa, gorar robar da ake shaƙar maganin ta cikinta, kuɗin na'urar kuma ki adana abinki. Duka ina da su. Ɗaya ba ta barin jakata, ɗayar tana saman wadirob tana shan ƙura.

Sai da na zubar da kuɗina na gane ashe magani ɗaya ne a cikinsu, salbutamol, wanda muka fi sani da Ventolin. Shi ke sakin hanyoyin iska idan sun tsuke. Yadda yake shiga ƙirjin ne ya bambanta. Inhela duk dannawa ɗaya maikurogiram 100 take fesawa, gwangwanin kuma dannawa 200 ne. Nebulaiza ruwan maganin take mayarwa kamar tururi, yaro ya zauna minti 10 zuwa 15 da abu a fuska.

Hunturun bara ne ya raba mini gardama. Hazo ya rufe Tudun Wada, wajen ƙarfe biyun dare autana ya farka da tari, ƙirjinsa na kuka kamar 'yar mage. An ɗauke wuta tun magariba, babansu yana Zariya, ni kuwa ban iya tada janareto ba. Don ruɗewa har jona na'urar na yi, ina danna maɓalli a banza. Da fitilar waya na lalubo sifesar, wato gorar robar nan mai marfin hanci da baki da ake cusa inhela a gindinta. Na ɗora shi a cinya, bayansa a ƙirjina, na girgiza inhelar, na danna sau ɗaya, na ƙirga numfashi shida, sannan na sake, yadda likitansa ya koya mini. Ina jin ɗan murfin ciki yana ƙas-ƙas duk jan da ya yi. Ba a yi minti goma ba kafaɗunsa suka sauka, ya ce zai sha ruwa. Wallahi sai a lokacin na san zanina a karkace yake. Gari na wayewa muka tafi asibiti duk da haka.

Nebulaiza kuwa, to, tana aiki. A asibiti take da rana, inda idan abin ya tsananta za su haɗa ta da iskar oksijin, su ƙara ipratropium a kan salbutamol ɗin. A gida wuta take so, ƙararta na firgita yaro, ga wanki bayan kowane amfani, kuma yarona ya fi yin karkarwar hannu da bugun zuciya bayanta. Abin da ya fi ba ni tsoro, tana sa uwa ta ga kamar asibitin ne ta kawo ɗaki, ta yi ta jinkiri.

Kada dai ki fesa wa ƙaramin yaro inhela kai tsaye a baki, yawancin maganin a harshe da maƙogwaro zai tsaya. Idan sifesa ta yi wuyar samu, a 1999 likitoci a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu sun gwada robar lemo mai mililita 500 da aka huda gindinta, suka ga tana aiki kusan kamar ta kanti. Ki sa nas ta nuna miki yadda ake yi kafin ki samu ta gasken. Inhela mai ruwan ƙasa, beclomethasone, ta rigakafi ce ta kullum, ba ta kwance numfashin da ya riga ya sarƙe. Sirof ɗin Ventolin ma ya cika jinkirin aiki. Zancen wai in yaro ya saba da inhela ba ya rabuwa da ita, surukata ta daɗe tana yi mini shi. Ba ƙwaya ba ce, ba ta kama jiki. Turaren wutar ɗakinta ne ma ke tayar masa.

Sai ki yi hattara da wasu masu kemis. Akwai wanda ya taɓa miƙo mini inhela ba kwali, wai sauƙi ya yi mini. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da idonki. Wanda ya ƙulla miki haɗin ƙwayoyi a leda ya ce na asma ne, ki ajiye masa kayansa. Mai matsa miki lallai sai na'ura, ribarsa yake dubawa.

Idan yaro ya kasa magana ko shan nono, haƙarƙarinsa na lotsawa, leɓɓansa sun sauya launi, ko kin ba shi abin bai lafa ba, ko ya dawo kafin awa huɗu, ku kama hanyar asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho a Kaduna, kina ci gaba da ba shi a cikin Keke. Yawan dannawar da ta dace da shekarunsa, likita ya rubuta miki a takarda. Ni filasta nake mannawa a jikin gwangwanin ina jan layi duk dannawa, domin ko maganin ya ƙare yakan ci gaba da yin fis kamar da saura.