Kodak Vision3 a ranar Sakkwato: ku sayi 50D, 500T na dare ne

Jama'a masu tambaya ta kan fim ɗin sinima da ake yankawa ana sa wa kyamarar hoto ta 35mm, na gwada Vision3 50D da 500T nan cikin garin Sakkwato, kuma gaskiya 50D shi ne namu.

Lambar nan da kuke gani jikin kwali ita ke nuna yadda fim ke jin haske. In ta yi girma ɗan haske kaɗan ya ishe shi, shi ya sa kowa ke rububin 500. Amma ku duba inda abin ya faro, lokacin Technicolor, tsarin sinima mai launi da ke ɗauka da zaren fim uku a tare, wanda anka fara a 1932, sai an cika situdiyo da manyan fitilu har 'yan wasa na jiƙewa da zufa kafin launi ya fito. Eastmancolor na farko, fim ɗin sinima mai launi na Kodak, a 1950 lambarshi 16 kacal, 1959 anka kai 50, sai 1968 anka samu 100, shi kuma wanga 500T sai 2007 ya fito. Duk wahalar ga ta masu ƙarancin haske ce, mu ko rana Allah ya hore muna ita har ta yi yawa.

50D dama don hasken rana anka yi shi. Na ɗauki mahaya dawaki wajen fadar Sarkin Musulmi ranar sallah, wallahi farin rawani bai ƙone ba, ana ganin ninkin shi ɗaya bayan ɗaya, jan kayan dogarai ya fito ja sosai, kuma fatar mutanenmu ta fito yadda take ba wannan toka-tokar da waya ke yi ba. Hoton sumul, ƙwayoyin nan masu kamar yashi da ke fitowa a hoton fim da kyar kake ganin su. Ko lokacin hunturu da hazo ya rufe gari launin ƙasa-ƙasa yake badawa mai daɗin kallo.

500T kuwa don fitilar kwan lantarki mai ja-ja ne, in ka fita da shi rana ba ka sa filta 85 ba, wato gilashi mai ruwan lemo da ake sawa gaban kyamara, komai shuɗi zai koma. Da dare wajen masu tsire da mai shayi nan ne yake nuna kanshi, ya burge ni ƙwarai.

Sai dai a kula da wanki. Fim ɗin sinima da sinadarin ECN-2 ake wanke shi ba C-41 da masu hoto sunka saba da shi ba, kuma in naka na da baƙin shafin da ake yi wa bayan fim ɗin sinima, zai ɓata musu ruwan injin, don haka ka tambaya tukuna kafin ka miƙa. Ni aikawa nake yi wani gari, kuɗin aike da na wanki sun kusa kamo kuɗin fim ɗin.

Zafin watan Afrilu kuma yana lalata launi, a firij za ka aje shi cikin leda, in za ka yi aiki ka fiddo shi sanyin ya sake shi tukuna kafin ka buɗe.