Tausa don ciwon ɓarin kai: wa za ka miƙa wa wuyanka a Jos?

Idan kai na sara maka kwana 15 ko fiye a wata, har sama da wata 3, kuma aƙalla 8 daga ciki ciwon ɓarin kai ne, mai tashin zuciya da gudun haske, to abin ya zama mai naci. A nan ne mutane ke gajiya da ƙwaya su fara cigiyar mai tausa.

Ni dai sashen gashin ƙashi na asibiti zan fara nuna maka, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo. Likitan fisiyo, wato na gashin ƙashin, sai ya duba kafin ya taɓa: ya sa ka juya wuya hagu da dama, ya danna naman ƙeya da yatsa ya ji ko ciwon zai harba zuwa ido. In ya harba, wuyan na da hannu, kuma tausar da atisayen da za a ba ka na gida kan rage yawan kwanakin ciwon. Ba sa raba ka da shi, don tushensa a ƙwaƙwalwa yake. Akwai layi, akwai komawa sau da yawa, ga sammako cikin sanyin Jos. In asibitin kuɗi za ka je, tambayi rajistar likitan da MRTB, hukumar da ke yi wa likitocin fisiyo rajista.

Gidajen tausa na otal kuwa daɗi ne da barci mai nauyi, ba laifi in da hali. Amma ba sa bincike, kuma ƙamshin man da suke shafawa kaɗai kan tayar wa wasu da ciwon. Ƙahon wanzami yana da sauƙin kuɗi, sai ka tsaya ka ga an ɓare sabuwar reza a gabanka.

Wanda nake tsoro shi ne mai murɗe wuya har ya yi ƙas. Ba kasafai ba, amma murɗar kan yaga jijiyar jinin wuya ta jawo shanyewar ɓarin jiki.

Kafin ka biya kowa, ƙirga kwanakin da kake haɗiyar farasitamol. In sun kai 15 a wata, maganin da kansa na iya riƙe ciwon, tausa ba za ta yi tasiri ba sai likita ya gyara wannan, wataƙila ya ɗora ka a kan rigakafi irin amitriptyline ko propranolol. Ciwon da ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko ya zo da karkacewar baki ko sanƙarar wuya da zazzaɓi, na sashen gaggawa ne.