Sharhi: Sababbin Bishiyoyin Minecraft Sun Ƙawata Gini, Amma Tukunya Ba Ta Canja Ba

Na shafe kusan shekara huɗu ina buga Minecraft, wasan nan na gini da neman abin rayuwa, a waya, kuma mafi yawan lokacina a gini yake tafiya, ba a yaƙi da dodanni ba, saboda haka duk sabuntawar da ta zo da sabuwar bishiya nakan bi ta da idon mai neman katako. A wannan fanni ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Sabuntawa ta 1.19, wadda ta fito a watan Yunin 2022, ta kawo bishiyar mangurof mai tsiro a fadama, wadda saiwoyinta ke tsaye a cikin ruwa da taɓo, katakonta kuma ja ne mai duhu. Da shi na yi ƙofofi da tagogin wani gida da na gina da bulon laka, sai ga shi ya fito kamar tsohon soro, abin da na daɗe ina nema ban samu ba. Bayan shekara guda sabuntawa ta 1.20 ta zo da dajin ceri a kan tuddai, mai ganye ruwan hoda wanda ke kakkaɓowa a hankali, tare da damar sarrafa gora ta zama katako. A watan Disambar 2024 kuma aka ƙara wata bishiya mai farin katako a wani daji mai toka-toka, wadda sai an jera dashe huɗu wuri guda kafin ta girma.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɓangaren abinci. Bishiyar ceri, duk da kyawunta, ba ta ba da ɗa ko ɗaya, kuma na tuna yadda na sare guda biyar a ranar farko ina jiran wani abin ci ya faɗo, ban tsinci komai ba sai dashe da ƙirare. Har yanzu tuffa daga ganyen tsofaffin bishiyoyi biyu kawai take faɗowa, wato oak da dark oak. Abincin da aka ƙara a 'yan shekarun nan ma bai taka kara ya karya ba. Jajayen 'ya'yan itacen da suka zo a 2019 da masu haske na cikin kogo da suka zo a 2021 maki biyu kacal suke cikewa a ma'aunin yunwa, alhali gasasshen naman sa yana cike takwas, burodi kuma biyar. Zuma ce kaɗai na ga ta samu gurbi, domin tana cike shida kuma tana karya guba. Sakamakon haka, duk wanda ya ɗan yi nisa a wasan yakan koma ga nama ko karas ɗin zinariya, sauran kuwa su ƙare a cikin akwati.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuka. A ƙuri'ar da aka ba 'yan wasa a 2018, an gabatar da shirin ƙara kuka da gara da jimina a yankin sabana, amma dajin sanyi ne ya yi nasara, shi ya sa aka samu yanyawa da waɗancan jajayen 'ya'yan itace. Wanda ya tashi yana shan miyar kuka da kwalba da nono ya san cewa bishiya guda tana iya ba da ganye da ɗa da igiya daga ɓawonta, wato irin bishiyar da za ta haɗa gini da girki a wuri ɗaya. A duniyar da nake wasa a ciki na bar fili a tsakiyar garin da na gina a sabana, na kewaye shi da shinge, ban dasa komai a ciki ba tukuna.