Revelación na Selena Gomez: kiɗa ya ƙoshi, amma da wuri ya ƙare

Galibin mutanenmu ta hanyar Rema suka san Selena Gomez, tun da ta sa murya a "Calm Down" a 2022. Amma tun watan Maris na 2021 ta fitar da ɗan ƙaramin kundi mai suna Revelación, waƙoƙi 7, kusan duka da Sifaniyanci. 'Yar yayana da ke ajin ƙarshe a sakandare ce ta turo mini shi, ta ce, "Gwaggo, ki saurara ki faɗa mini gaskiya."

A Texas aka haifi Selena a 1992, mahaifinta tsatson Meziko ne, amma da Turanci ta tashi, da shi ta yi suna tun tana yarinya a shirye-shiryen Disney. Sai ga shi Sifaniyanci ya fi karɓar muryarta. Ita ba mai ɗaga murya ba ce, tana rerawa ne ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa, kuma a waƙoƙinta na Turanci kiɗa kan danne ta. A nan kalmomin na ƙarewa da wasula, suna ba ta damar jan numfashi. A "De Una Vez", waƙar farko, inda take maganar warkewa bayan rabuwa, har saukar numfashinta ana ji idan aka sa iyafis.

Sai dai gwarzon kundin a wurina Tainy ne, makaɗin Puerto Rico da ya yi aiki da Bad Bunny da J Balvin. Kiɗan reggaeton ne, mai bugun nan da ake kira dembow, wanda ya samo asali daga kiɗan dancehall na Jamaika, ya ratsa Panama, ya zauna a Puerto Rico. Kunnen da ya saba da Afrobeats ba zai ji baƙunta ba ko kaɗan. Tainy bai cika wa kiɗan kaya ba: ganga, amo mai kauri a ƙasa, ɗan jita, shi ke nan. "Baila Conmigo" da ta yi da Rauw Alejandro ita ce ta fi kama jiki. Labarin mutum biyu ne da ba sa jin harshen juna sai rawa ta haɗa su, kuma jitar da ke buɗe ta takan maƙale a kai har washegari. A lasifikar waya ba ta da armashi, don amon ƙasan ɓacewa yake yi. Sai da na haɗa ta da babbar lasifika na gane abin da yaran ke yi wa tsalle.

Inda na ɗan yi tsaki shi ne tsawonsa. Kusan minti 20 ne gaba ɗaya, kafin jiki ya ɗauki zafi an gama. "Selfish Love" kuwa, wadda ta yi da DJ Snake, rabi Turanci rabi Sifaniyanci, ga busa mai daɗi, amma ta fita daban da sauran, sai ka ce daga wani kundin aka aro ta. A "Dámelo To'" ma Myke Towers, mawaƙin da suka yi ta tare, ya kusa ƙwace mata waƙar. Duk da haka kundin ne ya fara kai ta takarar Grammy, a rukunin kundin pop na Latin, ko da yake ba ta ci ba.

Ga iyaye kuma, kada rashin jin harshen ya sa ku saki jiki. Na nemo fassarar baitocin, kuma "Dámelo To'" da "Vicio" zancen sha'awa ne na manya, ba zagi ko ashar, amma ba abin da zan so yarinya 'yar shekara 14 ta haddace ba ne. Ita kanta "Baila Conmigo" akwai zancen sumba a ciki. Masu shekara 17 zuwa sama da ke son kiɗan motsa jiki ko na shara da wanke-wanke za su more shi. Ni dai "De Una Vez" da "Adiós" na bari a wayata, sai "Baila Conmigo" idan yara ba sa kusa.