Gidan hayar da babu maigadi a bakin tafkin Windamiya

'Yan uwa, a hutun yara na Agusta mun bar Manchesta muka nufi yankin tafkuna a arewa maso yammacin Ingila, tafiyar kusan awa biyu a mota. Can ne tafkin Windamiya yake, mafi girma a Ingila, tsawonsa wajen kilomita 17. Tun 1951 aka killace yankin, ba a gini yadda aka ga dama. Tsohon gidan dutse muka kama, irin hayar da babu kuku babu mai shara, a ba ka gida da tukwane ka ci da kanka.

Maigidana ya biya fam 900 da ɗoriya ta intanet, ga mutumin da har yau ba mu san kamanninsa ba. Muka isa da la'asar, babu maigadi, babu ɗan aike, sai tumaki a bayan katanga. A jikin bango akwai ɗan akwatin ƙarfe. Aka danna lambobi huɗu da aka turo mana a waya, akwatin ya buɗe, ga makulli. Wallahi sai da na tsaya a bakin ƙofa ina waige-waige.

Cikin gidan komai na nan: talabijin, injin wanki, barguna a ninke, itace a jere gefen murhu, har madara a firji. Ba wanda ya ƙirga cokali a gabanmu, ranar tafiya ma ba wanda ya zo bincike. Takarda ce kawai a kan tebur: ku fita kafin ƙarfe 10 na safe, ku mayar da makulli inda kuka same shi. A hanyar ƙauyen kuma wani manomi ya ajiye ƙwai a akwatin katako a bakin gona, shida fam 2, da gwangwani a gefe. Ka ɗauka, ka jefa kuɗi, ka wuce. Ɗiyata ta ce, "Umma, ina mai ƙwan?" Na ce yana wurin aikinsa.

Abin nan ya tsaya mini a rai, kuma ya ba ni kunya. Mu ne muke jin wa'azin amana kowace Juma'a, amma a masallatanmu sai an rubuta suna a jikin buta, an ɗaure mofi da igiya, mutum na salla hankalinsa na kan takalminsa. Ba cewa nake babu ɓarayi a Ingila ba, a Manchesta ana fasa motoci. Amma mai gidan nan ya yarda da baƙin da bai taɓa gani ba, kuma da haka yake cin abinci shekara da shekaru.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Famfon banɗaki biyu ne a rabe, ɗaya tafasasshe ɗaya ƙanƙara, alwala sai ka haɗa ruwan a roba. Buta kuwa da ba mu taho da tamu ba da mun shiga uku. Ƙofofin gajeru, maigida ya sha buga kai. Tukwanen sai da na wanke su tas, don ban san abin da aka soya a ciki ba. Naman halal tun daga Manchesta muka ɗauro shi, tare da kuka da daddawa. Ina fara soya albasa ƙararrawar hayaƙi ta ɗau ihu. Ruwan sama kuwa kusan kullum, waya ba ta kamawa sai ka hau tudu.

Sannan shirun ya dame ni. Ko mutum ɗaya bai leƙo ya ce mana sannu da zuwa ba. A ƙauyenmu kafin baƙo ya ajiye jaka an aiko da ƙwaryar fura, magariba na yi kwanukan tuwo sun jeru. Wannan ba su da shi, kuma na yi kewarsa ƙwarai.

Duk da haka, kowane gida a ƙauyen cike yake da baƙi, suna biyan kuɗi mai yawa don su kwana a ginin kakannin wasu. Mu kuwa rushe soron azara muke yi mu sa bulo da kwano mai zafi. Ga ruwa shimfiɗe a Tiga tun zamanin Audu Bako. Me zai hana mai hali ya gina ɗakunan ƙasa masu tsabta a bakinsa, ya sa sola da rijiyar burtsatse, iyali su kama na mako guda su dafa abincinsu? Sai dai kafin nan, wa zai yarda ya bar makulli a bango?