Rumfar bandar Baba ta hanyar Madarumfa

Duk wanda ke da mahalbi a dangi ya san wahalar naman daji ba ta kamu ba ce, ta ajiya ce. A Maraɗi in bazara ta kankama, zafi ya haura digiri 40, zomon da aka kashe da hantsi in ba a feɗe shi ba kafin la'asar ya fara tashi. Firij kuwa sai ranar da wuta ta ga dama. Ƙanena yana ƙauye wajen Madarumfa, yakan aiko mini da zabin daji da fakara da zomaye ta hannun ɗan kabu-kabu, kuma tun da na gano wata rumfar banda a bakin garin nan, kan hanyar Madarumfa, ban ƙara kai su wani wuri ba.

Mai rumfar dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Ba ya sayen nama, ba ya sayarwa. Kai za ka kawo naka, ya gyara, ya ƙyafe, ka biya ladan aiki. Ya yi halbi a dajin Baban Rafi tun yana saurayi har gwiwa ta hana shi, burtunsa ma, kan tsuntsun nan da mahalba ke ɗaurawa a goshi don su yaudari naman daji, na nan rataye a jikin dirkar rumfar, hayaƙi ya mayar da shi baƙi wuluk.

Abin da ya sa na yarda da shi shi ne ba ya karɓar nama sai ya bincike shi. Zai ɗaga zabo ya buɗe wuya ya duba yankan, ya sansana ƙarƙashin fiffike, ya danna ciki da babban yatsa. Sannan tambaya ta biyo baya.

"Ɗana, wannan da me aka same shi?"

"Da ƙere, Baba."

"Wuƙa ta iske shi da rai?"

Ba neman magana yake ba. Dabbar da aka buge da sanda ta mutu kafin a yanka ta, aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta lissafa ta cikin abin da aka haramta, kuma Baba ba ya ɗora mushe a ragarsa ko na wane ne. Wanda aka samu da kare ko adaka, zai tambaya ko an yi bisimilla lokacin saki ko lokacin halbi. Na taɓa ganin wani ya fusata da tambayoyin nan ya kwashi kayansa ya tafi, Baba bai ko ɗaga kai ba. Ni ma ya taɓa mayar mini da zabuwa ɗaya cikin waɗanda na kai, don wajen gindinta ya fara kore, an bar hanjin a ciki tun daji. Ya ce in ya ƙyafe ta hayaƙi zai rufe warin, amma ba zai cire abin da zai kwantar da yarana ba.

Zama a rumfar nan karatu ne, ko ba ka kawo komai ba. Da karan hatsi yake zana sawu a ƙasa. A wurinsa na ji cewa zomo in yana gudu sawun ƙafafunsa na baya ne ke sauka gaban na gaba, shi ya sa baƙon daji ke bin sawun ta inda zomon ya fito. Kuma in ya ji karnuka yakan komo kan sawunsa sannan ya yi tsalle gefe, kare ya yi ta zagaye wuri ɗaya. Zabi kuwa a nemi inda suka yi birgima cikin ƙura suka bar gashi mai ɗigo-ɗigo, da itacen da suke kwana a kai, kashinsu na nan a gindi. Ya ce da hunturu sawu na mai sammako ne: bakinsa na da kaifi da asuba, iska na tasowa ta cike shi.

Aikin kansa a hankali yake yin sa. Zabo a bushe yake fige shi, ba ya tsoma shi a ruwan zafi, don jiƙaƙƙiyar fata ba ta kama hayaƙi da kyau. Ya tsaga shi ta baya ya shimfiɗa, ya bi kowane ramin harsashi da bakin wuƙa yana zaƙulo dalma da guntayen ƙarfen da masu adaka ke ɗurawa, yana jefa su cikin wani gwangwani da ya kusa cika. Inda jini ya kwanta ya yi baƙi, yankewa yake ya yar. Gishiri, citta, masoro, ɗan barkono, shi ke nan. Zomo da ba shi da kitse yakan shafe shi da man gyaɗa don kada ya ƙeƙashe. Ragarsa a kan rabin duro take, wutar garwashi ce marar harshe, itacen kirya ko marke. Dogon yaro ba ya shiga wutarsa, ya ce yana sa ɗaci. Naman yana kwana a kai ana juyawa, da safe ya fito ja mai duhu, a bushe ta waje, in ka tsaga shi tsokar na rabuwa zare-zare. Na aika wa yayata irinsa Yamai, tafiyar kilomita sama da 600 cikin mota, ya isa lafiya lau, ta jiƙa shi a ruwan ɗumi ta zuba a miyar kuka.

Akwai naman da ba ya taɓawa ko nawa za ka ba shi. Ina zaune wani ya zo da cinyar barewa cikin buhu, Baba ya leƙa sau ɗaya ya ce, "Malam, ɗauke wannan daga rumfata." Dokar farauta ta Nijar ta 1998 ta hana farautar dare da ta guba da cinna wa daji wuta, kuma ma'aikatan gandun daji na iya kama mutum a kai, amma ba tsoronsu ne kaɗai ke hana shi ba. Yakan ce da ƙuruciyarsa barewa ba abin labari ba ce a kudancin nan, yau kuwa mai son ganinta sai ya nausa arewa can Gadabeji, gandun da aka keɓe tun 1955, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018. Da damina, lokacin da zabi ke kwanci, ba ya karɓar tsuntsu sam. Wannan hali nasa ina ganin girmansa ƙwarai.

Amma rumfar tana da nata aibi, kuma ba ƙanana ba ne. Teburin da ɗanyen nama ke jira a kai a buɗe yake, ƙudaje na sauka, ga ƙurar hanya. Ɗan mayafi na gidan sauro zai magance wannan, na faɗa masa, har yau bai sa ba. Hannunsa na da nauyi wajen gishiri, in akwai mai hawan jini a gidanka ka faɗa tun farko. A takardar siminti yake naɗe nama in ya gama, ni kam da kwanona mai murfi nake zuwa. Sannan goben Baba ba kullum take gobe ba, ba shi kuma da salula da za ka kira ka tambaya, sai ka taka da ƙafarka.

Kuɗin aikin ba shi da yawa, dala ɗari nake ba shi a kan zabo, zomo ya ɗan fi haka saboda fiɗa, fatar kuma taka ce in kana so. Ka ce wa mahalbinka ya yanka da kyau, ya fitar da kayan ciki nan take, kada ya ɗaure naman a leda, buhun da iska ke ratsawa ya fi. Ka isa rumfar kafin rana ta take. Litinin da Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi, ragar cike take tun da safe, gara ka zaɓi wata rana.