Naira 20,000 da ta maƙale tsakanin kamfanin biyan kuɗi da gidan caca

Tun 2022 nake sana'ar POS a Samaru, daura da babbar ƙofar ABU, kuma manhajar da nake tura kuɗi da ita ta yi mini rana. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da manhajojin bankuna suka durƙushe, ita ce ta rufa mini asiri. Da a watan jiya aka tambaye ni, yabo kawai za a ji.

Wata Asabar da la'asar wani ɗalibi ya zo da gaggawa, wai in zuba masa naira 20,000 a asusunsa na cacar ƙwallo kafin a take wasan Firimiyar Ingila. Raina bai so ba, don na san hukuncin caca a addini, amma na tura. Alat ya shigo, an cire kuɗin, risit ya nuna sun tafi. A wayarsa kuwa ko sisi.

Nan ya tsaya yana sabunta shafin har aka tafi hutun rabin lokaci. "Oga, ni fa kai na ba kuɗina," in ji shi, mutane na kallo. Na zaro 20,000 daga cinikin ranar na miƙa masa, don mutuncina ya fi su.

Gidan cacar suka ce ba su ga komai ba, in nemi kamfanin da ke karɓar musu kuɗi. Ashe akwai wani na uku a tsakiya, shi ke karɓa ya sanar da gidan caca a zuba wa mai asusu. Shi kuma ya ce ni ba kwastomansa ba ne, gidan caca yake yi wa aiki. Manhajata fa, wadda nake yabo? Na aika musu lambar shaidar transfa mai lambobi 30 da ke kan risit har sau huɗu, kullum amsa ɗaya, kamar na'ura ce ke rubutawa: a yi haƙuri ana bincike. Sai na tuna ko bara sun riƙe mini kuɗin wata hajiya kwana shida, na yafe.

Wa ma zan kai wa ƙara? Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwamban 2024, sa ido kan caca ya koma hannun jihohi. Babban Bankin Najeriya kuma sai ka fara kai koke wurin kamfaninka, ka jira mako biyu, sannan sashensa na kare kwastomomi ya saurare ka. Da na rubuta wa masu manhajar cewa Babban Bankin zan nufa, washegari, kwana na goma sha ɗaya, kuɗin suka dawo. Ba bayani, ba ban haƙuri, cajin da suka cira ma ba su maido ba.

Har yanzu da manhajar nake tura kuɗin makaranta da na 'yan kasuwar Samaru. Amma na manna takarda a jikin rumfata: ba a zuba kuɗin caca a nan.